Abin da ya ɗauke mini jin ƙamshi

Lokacin da korona ta kama ni, zazzaɓin bai dame ni ba kamar rashin jin ƙamshi. A kunna turaren wuta a ɗaki, ni ko a jikina. Bayan na warke na bi diddigin abin, kuma wallahi ya ba ni mamaki.

Ƙwayar cutar tana da tsinakai na furotin a bayanta. Tsinin yana laluben wani sinadari mai suna ACE2 da ke saman ƙwayoyin halittar hanci da huhu, wanda aikinsa na asali taimakawa wajen daidaita ƙarfin jini ne. To amma maƙalewa kaɗai ba ta wadatar. Sai an yanka tsinin a wuri biyu, kuma almakashin namu ne. Sinadarin furin ke yin yankan farko tun cutar ba ta fito daga ƙwayar halittar da ta hayayyafa a ciki ba, wani sinadarin jikinmu mai suna TMPRSS2 ya yi na biyu a bakin sabuwar ƙwayar halittar da za ta shiga. Daga nan fatarta ta haɗe da tamu, ta juye kayan gadonta, wato bayanan halittar da take hayayyafa da su, ciki. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai: jikinka da kansa ke ƙarasa mata aikin.

A hanci kuwa, ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙamshi ta fi kamawa, don su ke ɗauke da ACE2 da yawa; lalacewarsu ce ke ɗauke jin ƙamshi. Suna sabuntuwa, shi ya sa yawancinmu ƙamshin ya dawo cikin 'yan makonni.

Nau'in korona mai suna Omikron na ƙarshen 2021 bai dogara da TMPRSS2 sosai ba, kuma ya fi zama a maƙogwaro.