Godiya Ga Duk Wanda Ya Jiƙe Tare Da Mu Daren Asabar

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, wasan kammala karatuna a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya gudana daren Asabar, kuma sai yau na sami barcin da ya ishe ni har na iya zama in gode muku a natse.

Da Baba Malam zan fara. A zaurensa na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, a gabansa na haddace siffofi ashirin tun ban san ma'anar "wujudu" ba. Da na gama NCE a fannin addinin Musulunci da Hausa a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, kowa ya ɗauka sashen shari'a zan nufa. Ranar da na ce masa wasan kwaikwayo nake so, kwana biyu bai ce mini uffan ba. A unguwa kuwa har an raɗa mini suna, wai ɗan kaman liman. Rana ta uku ya kira ni ya gindaya sharuɗɗa uku: kada a ja aya cikin raha, kada wani ya fito a matsayin annabi ko sahabi, kada in bar darasin bayan Asuba. Na ukun ne ya fi ba ni wuya, don gwajin wasa yakan kai mu ƙarfe ɗayan dare. Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Inna, ke kika sayar da tunkiyarki lokacin yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, da na fara tunanin ajiye karatun in koma shagon Kawu. Ban manta ba.

Wasan a kan wani ƙauye ne da amai da gudawa suka ɓarke a cikinsa. Malamai biyu suka saɓa: ɗaya ya ce a rufe rijiyar bakin kasuwa, ɗaya ya ce abin da Allah ya rubuta rufe rijiya ba ya kankare shi. Daga takardun darasin tauhidi na kwaleji na ɗauko shi, wurin da muka sha muhawarar Jabariyya da Ƙadariyya a kan ko mutum yana da zaɓi a ayyukansa. Malamar da ta duba aikina ta karanta rubutun farko ta mayar mini, ta ce wannan huɗuba ce, in kai ta masallaci. Ta ce na mai da malami na biyu sakarai don in ji daɗin kayar da shi, in koma in ba shi hujjarsa mafi ƙarfi. Da na sa ya zama shi ne ya binne 'yarsa a makon farkon annobar, sai maganarsa ta ƙaddara ta zama abin da yake dafawa don kada ya faɗi, ni kaina na daina yi masa dariya. Ita Kirista ce, mun yi awa guda a ofishinta muna kwatanta yadda labarin Annabi Ayuba ya zo a wurinsu da wurinmu. Malama, na gode, Allah ya raya zuri'a.

Abokina ɗan Wusasa da ya fito a malami na biyun, wanda ya yi wata biyu yana koyon zama a kan buzu da riƙon tasbaha, ban san da bakin da zan gode maka ba. Sauran 'yan wasa goma sha ɗaya, da masu fitila, da mai kalangun da ya ƙi karɓar ko kuɗin mota, Allah ya biya ku.

Wanda ya san gidan wasanmu na Samaru, ginin ƙasa da wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara a shekarun 1970, ya san tsakiyarsa a buɗe take. Muna cikin fitowa ta uku hadari ya haɗo daga gabas. Na ce shi ke nan, aikin shekara ya bi ruwa. Sai mutane suka matsa ƙarƙashin rumfuna, aka cunkushe, ba wanda ya nufi ƙofa. 'Yan wasa suka ci gaba a jiƙe sharkaf.

Al'adar sashenmu ce, tun zamanin da ɗalibai ke fita da wasa zuwa Bomo da Soba, a tsayar da labari kafin ƙarshe a tambayi masu kallo yadda za a warware. Da muka tsaya, wa zan gani ya ɗaga hannu daga can baya? Baba Malam. Ban ma san ya zo ba, Yaya ne ya ɗauko shi a babur bayan Isha'i. Gabana ya faɗi. Ya miƙe ya ba da labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Baba ya ce a rufe rijiyar, amma kafin nan a je a yi wa malamin ta'aziyyar 'yarsa, don ya lura tun farkon wasan ba wanda ya yi masa. Wallahi ni da na rubuta ban lura ba. Har zai zauna ya ƙara da cewa yaron nan kuma a gyara masa naɗin rawani, ba haka ake yi ba. Wuri ya kaure da dariya.

Masu aron kaya: tabarmi shida da butoci biyu suna wurina, zan mayar ranar Laraba in sun bushe. Allon Gwaggo ya tsage a gefe, na riga na ba da a sassaƙo wani. Wanda ya bar takalmi ƙafa ɗaya kuma, yana wurin mai gadi.