Egmore, da wayar Yaya Sani

Chennai, Laraba

Yau ba gashin ƙashi, likita ya ce gwiwar Hajiya ta huta. Na bar ta da Bilki, na hau a-daidaita zuwa gidan tarihi na Egmore, wanda aka kafa tun 1851. Ɗakin tagulla kawai na shiga.

Gumakan zamanin sarakunan Chola na kudancin Indiya ne, wasunsu sun kai shekara 1000. Na daɗe a gaban Nataraja, wato Shiba, abin bautar mabiya addinin Hindu, yana rawa cikin da'irar wuta da hannu huɗu. Wani dattijo ya ga ina ta leƙe, sai ya matso. Ya ce ɗan gangan da ke hannun dama na sama, mai siririn ƙugu kamar kalangu, sautinsa ne farkon halitta a wurinsu. Na hagu riƙe yake da wutar da za ta cinye komai. Tafin da ya buɗe kuwa cewa yake kada ka ji tsoro. Ni dai idona yana kan ɗan wadan da ya take da ƙafar dama. Apasmara, in ji shi, jahilci ke nan. Na ce, "Baba, to me ya hana shi kashe shi?" Ya yi dariya. "Ai ba ya mutuwa, 'yata. Danne shi kawai ake yi."

Da kakin zuma ake fara sassaƙa gumakan, a lulluɓe da laka, a narkar da kakin, a zuba tagulla, sannan a fasa lakar. Shi ya sa ba biyu iri ɗaya. Haka maƙeran Ife da Bini suka yi nasu.

Na fito cikin nishaɗi, har na sayi ruwan kwakwa. Sai ga wayar Yaya Sani. Ina gaya masa inda na je, ya ce, "Subhanallahi! Jinya aka tura ki ko kallon gumaka?" Na ce, "Yaya, ba sujada na je yi ba." Ya ce in ba shi Hajiya. Na ce ai ba na gida. Ya kashe.

Har yanzu abin yana ci na a rai. Mutumin da ya haddace waƙoƙin fina-finan Indiya tun muna yara, yana kallon jarumai suna kaɗa ƙararrawa a ɗakin bauta, bai taɓa rufe ido ba. Amma yau ni ce abin faɗa.

Hajiya ta sake ƙin cin shinkafarsu, wai yaji. Shayi da burodi. Gobe ƙarfe takwas asibiti, kuma kuɗin magani ya kusa ƙarewa, dole ni zan kira shi.