Tambayar da Kawu ya ba ni

Ina shekara ta uku a karatun shari'a a Ngawundare malaminmu na dokar ƙwadago ya ce mu zama 'yan majalisar jiha na yini ɗaya. Wani ɗan ajinmu zai zama wanda gwamna ya aiko da sunansa don ya riƙe ma'aikatar ƙwadago, mu kuma mu tantance shi.

Abin baƙo ne a wurinmu. Nan Kamaru shugaban ƙasa ke naɗa minista, shi ke naɗa gwamna, sai dai mu ji sunan a rediyo. Amma da ka ƙetara iyaka zuwa Yola, sashe na 192 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a zama kwamishina sai majalisar dokokin jiha ta amince. Na ɗauka tsarin ba shi da aibu, sai da na gano yawanci sunayen kan iso majalisa ba a faɗi ma'aikatar da za a ba kowa ba. To me za ka tambayi mutum kan haƙƙin lebura alhali wataƙila ma'aikatar wasanni zai tafi? Wani ma sai a ce ya rusuna ya wuce, don ya taɓa zama ɗan majalisa.

Na cika shafi biyu da tambayoyi: ina ka yi karatu, wane digiri gare ka, mene ne burinka. Da na je hutu Garwa na karanta wa kawuna, wanda ya daɗe yana gadin wani shago a kasuwa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, duk wannan zai amsa maka da baki mai daɗi. Ka tambaye shi nawa yake biyan mai gadin gidansa, kuma ko ya yi masa rajista a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata."

Na ce, "Kawu, ai wannan maganar gida ce."

Ya ce, "Wanda bai biya na ƙofarsa ba, shi zai karɓo mini nawa?"

Ranar tantancewa na yi tambayar. A lokacin mafi ƙarancin albashi sefa 36,270 ne, tun 2014, kuma ɗan ajin namu, da ya haddace dokar ƙwadago ta 1992 tsaf, bai san adadin ba. Ni ma sai da Kawu ya tura ni na nemo shi. Malam bai yi wa kowa faɗa ba. Labarin Andrew Puzder ya ba mu, wanda Trump ya zaɓa ministan ƙwadagon Amurka, ya janye a Fabrairun 2017 kafin ya zauna gaban sanatoci. Cikin abin da ya kayar da shi har da mai aikin gida da ya ɗauka ba ta da izinin aiki a ƙasar.

Yau ina taimaka wa ma'aikatan da aka kora su rubuta ƙorafi zuwa ga sufeton ƙwadago, tunda doka ta ce sai an gwada sulhu a gabansa kafin a je kotu. A 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 ga masu aiki a kamfanonin da ba na noma ba, amma har yanzu masu gadi na zuwa mini da abin da bai kai haka ba, babu takardar albashi ko ɗaya. Kafin in buɗe littafin doka nakan tambayi mutum nawa ake danƙa masa a hannu ƙarshen wata, da sunan wanda ya ga an ba shi.