Marree, garin masu raƙuma

Jama'a, na dawo daga Marree, amma zuciyata tana can. Ƙauye ne a hamadar Kudancin Ostareliya, fiye da kilomita 600 arewa da Adelaide, mutanensa ba su kai ɗari ba. Jar ƙasa, ƙudaje, sai iska mai zafi.

Masallacin ne ya tsayar da ni. Gajeren bangon laka, ginshiƙan itace, rufin ciyawa, kamar na ƙauyenmu. An sake gina shi ne don tunawa da Musulmi masu raƙuma da suka zo daga Afganistan da yankin Indiya tun shekarun 1860, suna kai kaya inda keken doki ba ya iya shiga. Sunansu, wato “Afghan”, jirgin ƙasan Ostareliya mai suna The Ghan ya gada. Na cire takalmi na yi raka'a biyu, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Washegari muka bi hanyar Oodnadatta zuwa kudancin tafkin Kati Thanda. Babu ruwa, gishiri ne fari fat iya ganinka, yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin ƙafa. Na ɗanɗana, sai ayarin Bilma ya faɗo mini a rai.