Ni na kafa dokar, ni na fara taka ta

Muna da ɗan kamfanin gyaran wake a Dawanau: mu saya, mu tace, mu ɗura a buhu mu tura Legas. Tun 2015 da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, wanda muke kira fiya-fiya, manyan masu saye suka fara kai samfuri ɗakin gwaji. Shi ya sa na ɗauki wani yaro da ya karanta kimiyyar abinci, na sayi na'urar auna danshi, na tara ma'aikata na ce buhu ba ya shiga sito sai da sa hannunsa.

Wata huɗu ana tafiya lafiya. Ran nan wani dattijo, dillalin da ya yi hulɗa da mahaifina tun ina makarantar allo, ya kawo mota guda. Yaron ya soka buhu biyar, ya shinshina, ya ja ni gefe.

"Alhaji, wannan waken ya sha magani."

Na dubi dattijon, kunya ta kama ni. Na ce, "Bar shi ya shiga, Baba ba zai cuce mu ba." A gaban 'yan dako na faɗa, wannan ne ke ci mini rai har yau.

Bayan mako biyu aka dawo mana da tirela sukutum, har waken kirkin da muka gauraya da shi. Kuɗin mota zuwa da dawowa a kanmu.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Daga ranar yaron ya zama hoto. Ya ce a ware buhu, sai a ce masa bari Alhaji ya zo. Na'urar tana nan, takardar dokoki tana manne a bango, amma kowa ya ga inda ƙofar baya take, kuma ni na nuna musu. Wai a ce maganar da ba ta kai minti ɗaya ba!

Sai da na sake tara su, na ce na yi kuskure, ko kayan ƙanina ne in yaron bai sa hannu ba a juya da su. Manoman da muke saye a wurinsu kai tsaye muka raba musu buhun PICS mai hawa uku, wanda ke kashe ƙwaro da rashin iska, ba sai an zuba komai ba.

Baba ya sake kawo kaya da kaka. Da na hango motarsa sai na tafi masallaci, na bar shi da yaron.