Ruwan lagireto na raguwa, ga farin hayaƙi, ga inji na rawa

Abin da ke damuna da wannan matsalar shine da an ga farin hayaƙi a motar dizal sai kowa yace gaskit (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa) ya ƙone a sauke top, wato kan injin, alhali ba kullum bane. Ka fara shinshina hayaƙin tukunna. In yana da ɗan zaƙi zaƙi kuma bai daina ba ko bayan inji yayi zafi, to ruwan lagireto ne ke shiga ciki. In kuwa warin man dizal yake har yana yaji a ido, man ne bai ƙone ba, nozul mai fesa mai ko hita fulogi mai ɗumama silinda zaka nema, sune ma ke sa inji ya dinga karkarwa da safe.

Kafin ka tada mota, inji da sanyi, buɗe murfin ruwa, da zafi kam kar ka kuskura wallahi zai ƙona ka. Tada ta ka zuba ido, in kumfa na ta tasowa ba tsayawa kuma tiyon sama yayi tauri tun inji bai ɗumama ba, gaskit ne ko top ya tsage. Duba murfin baƙin mai ma ko ya koma kamar madara.

Amma motocin dizal na yanzu suna da kulan EGR, wato abin da ke sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji da ruwan lagireto, in ya huje ruwa na bi ta salansa ba ko ɗigo a ƙasa, shi yasa nake cewa bakanike yayi gwajin fresha, wato ya matsa iska a lagireto ya ga inda ruwa ke yoyo, kafin ya kwance komai. Kuma dan Allah kar kayi ta ƙara ruwa kana tuƙi, ruwa baya matsuwa, in ya taru a silinda sai ya lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin.