Abin da Houston Astros suka koya min game da yi wa ɗan wasa kuɗi

A kwas ɗin da muka yi na yadda ake yanke shawara da alƙaluma, malaminmu ya ce kowa ya nemo wani kamfani da ya faɗi warwas sannan ya tashi, ya bi diddigin shawarwarin da suka yanke ɗaya bayan ɗaya. Yawancin 'yan ajinmu banki suka ɗauka ko kamfanin waya, ni kuma na ɗauki kulob ɗin besbol na Houston Astros a Amurka, don shi besbol komai nasa a rubuce yake, duk jifa duk bugu yana nan a intanet kyauta a shafuka irin su Baseball-Reference da FanGraphs, ba sai ka je kana roƙon wani ofishi ya ba ka data ana ce maka oga bai shigo ba ka dawo gobe ba.

Ga 'yan ƙwallon ƙafa, sai na ɗan yi bayani don tsarin ya sha bamban da wanda muka saba. Kulob 30 ne a babban lig ɗin, kowa yana buga wasa 162 a kaka, kuma babu faɗawa gajiyayyu, ko ka zo na ƙarshe badi ma kana nan. A lokacin da nake magana a kai ma lada ake ba ka, don wanda ya fi kowa shan kashi shi ke fara zaɓa idan an zo rabon matasa 'yan makaranta, abin da suke kira diraf. Sannan ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wani kulob ba, musaya ake yi, ka ba ni mutum in ba ka mutum biyu ko uku. Babban abin kuma shi ne yaron da ka raina, idan ya shigo babban lig naka ne har kaka shida kafin ya samu 'yancin tafiya inda yake so, kuma ukun farko albashinsa kusan mafi ƙanƙanta ne a lig. Wanda bai riƙe wannan shekara shidan a kansa ba, komai da Astros suka yi zai gan shi kamar hauka.

Kuma fa ya yi kama da hauka. 2011 sun sha kashi sau 106, 2012 sau 107, 2013 sau 111, har da wasa 15 na ƙarshe a jere. Albashin 'yan wasansu gaba ɗaya a 2013 bai kai dala miliyan 30 ba, kusan abin da Alex Rodriguez shi kaɗai ke karɓa a Yankees kenan. Akwai wasansu ɗaya a watan Satumba na shekarar da masu auna yawan 'yan kallo a talabijin suka ba shi sifili. Jim Crane ne ya sayi kulob ɗin a ƙarshen 2011, ya ɗauko Jeff Luhnow daga St. Louis Cardinals ya ba shi janar manaja, shi kuma ya taho da Sig Mejdal, injiniyan da ya taɓa aiki a NASA, su ne suka zauna da lissafin.

Abin da na fi ɗauka daga aikin nan gaba ɗaya shi ne ɗan wasa ba shi da farashi ɗaya. Kuɗinsa ya danganta da yaushe zai yi maka amfani, kuma har yaushe yake hannunka. Mai kiwo ya san wannan, ƙosasshen rago a hannunka da sauran wata goma kafin Layya dusa kawai yake ci, gara ka sayar wa mai suna gobe ka sayi ƙanana huɗu da za su kai lokacin da kake buƙata, ko da kuwa ka san ba duka huɗun za su yi kyau ba.

Hunter Pence shi ne misalin da na fi daɗewa a kai. A Yulin 2011 shi ne tauraron kulob ɗin, aka ba Philadelphia shi aka karɓi yara huɗu, Jarred Cosart da Jon Singleton da Josh Zeid da Domingo Santana, kuma wannan ma tsohon manaja Ed Wade ne ya yi kafin Luhnow ya zo. In ka tsaya nan ka yi hukunci za ka ce an cuci Houston, don Pence ya je ya ɗauki kofi biyu da San Francisco, shi kuma Singleton da ake ta kambamawa har aka ba shi kwantiragin dala miliyan 10 tun bai buga ko wasa ɗaya a babban lig ba, bai tsinana abin kirki ba. Amma bi sawun Cosart ka ga. A Yulin 2014 aka miƙa shi Miami tare da wasu, cikin abin da aka karɓo akwai Jake Marisnick da Colin Moran da kuma gurbin zaɓe ɗaya a diraf na 2015. Da wannan gurbin aka ɗauki Daz Cameron. Shi Cameron ɗin yana cikin yara ukun da aka ba Detroit a 2017 aka karɓo Justin Verlander, Moran kuma yana cikin waɗanda aka bayar aka karɓo Gerrit Cole a Janairun 2018. To yanzu a wace shekara za ka rufe littafin cinikin Pence ka ce riba aka ci ko faɗuwa? Na sa wannan tambayar a gaban malaminmu, dariya kawai ya yi ya ce in zaɓi shekara in kare ta da hujja, wai aikin kenan.

Diraf kuwa wani tashin hankalin ne. Sau uku a jere suka fara zaɓa. A 2012 mutane da yawa na jiran su ɗauki Mark Appel ko Byron Buxton, sai suka ɗauki Carlos Correa, yaro ɗan shekara 17 daga Puerto Rico, suka ba shi dala miliyan 4.8 alhali kuɗin da aka ware wa gurbin farko miliyan 7.2 ne, rarar suka sa suka shawo kan Lance McCullers da ya yi niyyar tafiya jami'a. Wannan wayo ne na gaske, gurbi ɗaya ya haifi mutum biyu da suka buga wasan ƙarshe da Houston ta ci kofinta na farko a 2017. Amma mutanen nan dai, da kwamfutar nan dai, su ne a 2013 suka ɗauki Appel suka bar wa Chicago Cubs Kris Bryant. Bryant ya zama gwarzon lig a 2016, shi kuwa Appel bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya wa Houston a babban lig ba, sai a 2022 ya samu shiga da Philadelphia yana ɗan shekara 30. A 2014 suka ɗauki Brady Aiken, da likitoci suka duba gwiwar hannunsa aka ga abin da bai kwanta musu ba, aka rage tayi, ciniki ya watse, aka yi ta zaginsu a jaridu, sai ga shi gurbin diyyar da aka ba su a 2015 shi ya kawo Alex Bregman. Zaɓen farko uku, ɗaya ne kawai ya sa rigarsu a babban lig. Shi ya sa tun daga nan in na ji wani na cika baki wai tsarinsa ba ya kuskure wajen gano mai hazaƙa sai in yi shiru kawai, abin da tsarin kirki yake yi shi ne ya ƙara maka yawan ƙuri'un da kake riƙe da su.

Sai maganar J.D. Martinez, wadda gaskiya ita ta fi taɓa ni don ta shafi irin aikin da nake son yi. Kaka uku ya yi a Houston, bugun da ke tsallake katanga, wanda suke kira hom ron, guda 24 kawai ya yi duka, alƙaluma sun gama yanke masa hukunci, matsakaicin ɗan wasa ne. Bayan kakar 2013 sai ya tafi ya sake salon bugunsa tun daga tushe, ya je Venezuela ya gwada a wasannin hunturu ya ga abin yana ci, ya dawo yana gaya musu shi fa ba mutumin da suka sani ba ne. Damar bugu 18 kacal aka ba shi a wasannin share fage, a watan Maris na 2014 aka sallame shi kyauta. Detroit suka ɗauka. Shekarar ya yi 23, ta gaba 38, a 2017 ya yi 45, a 2018 Boston suka ba shi dala miliyan 110 na shekara biyar, kuma da shi suka fitar da Houston a hanyarsu ta ɗaukar kofi. Alƙaluman ba ƙarya suka yi ba fa, sun faɗi wanene shi jiya daidai, amma ba su da labarin abin da ya yi a watanni huɗun da ba a rubuta komai ba. Kuma abin takaicin, kulob ɗin da ya sha kashi sau 111 ba abin da yake da shi a yalwace kamar damar gwaji, me za su rasa in sun bar shi ya buga wata biyu? Na lura mutumin cikin gida shi ya fi wuyar aunawa, don kana ganin ka riga ka san shi. A daidai wannan lokacin suka tsinto Collin McHugh da wasu kulob suka yar, saboda sun hango yadda ƙwallonsa mai lanƙwasa ke juyawa da sauri, suka ce ya riƙa yawan jefa ta, ya ci wasa 19 a 2015. Baƙo sun ga abin da zai zama, nasu kuma sun tsaya a kan abin da ya kasance. Kar kuma a manta José Altuve da aka ɗauka a 2007 kan dala 15,000 ana raina tsawonsa, da George Springer da Dallas Keuchel, duk gadonsu Luhnow ya yi daga mutanen da aka kora.

Lokacin da kulob ya fara farfaɗowa shi ne mafi haɗari, don zumuɗi na shiga. A 2015 suna kan gaba ba zato, sai a ƙarshen Yuli suka kwashi yara huɗu suka ba Milwaukee suka karɓi Carlos Gómez da Mike Fiers. Gómez bai yi abin da aka sayo shi dominsa ba, a Agustan 2016 aka sallame shi. Cikin yaran da aka bayar akwai Josh Hader, wanda ya zama ɗaya daga cikin ƙwararrun masu jifan da ake sakowa a ƙarshe su rufe wasa a lig, kuma a Janairun 2024 Houston ɗin dai ta dawo da shi kan dala miliyan 95. Kayanka ka bayar, ka dawo ka saya da tsada.

Ɗaya gefen kuma akwai cinikin da ko jarida ba ta damu da shi ba. Ranar 1 ga Agustan 2016 suka ba Dodgers Josh Fields, mai jifan canji, suka karɓi wani yaro ɗan Kuba ɗan shekara 19 da bai ma fara buga wa Dodgers ɗin wasa ba, Yordan Álvarez. Dodgers na neman mai taimaka musu a wata biyu masu zuwa, Houston na kallon shekara uku gaba, kowa a ranar yana ganin shi ya ci riba. A wasa na biyu na World Series ɗin 2017, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, inda Houston ta kara da Dodgers, Fields ɗin nan ne Altuve da Correa suka buga wa hom ron a jere, shi kuma Álvarez shi ya buga wanda ya juya wasa na shida a 2022 suka ɗauki kofi na biyu.

Verlander shi ne inda suka yi akasin duk abin da suka saba, kuma a ganina daidai suka yi. Ɗan shekara 34, albashinsa dala miliyan 28 a shekara, irin mutumin da a 2012 ko kallonsa ba za su yi ba. Amma ranar 31 ga Agustan 2017 kulob ɗin ya riga ya nuna, yaran da aka raina duk suna kan ganiyarsu kuma da araha, nasara ɗaya a watan Oktoba, lokacin wasannin neman kofi, ta fi goma a shekarar da ba ka zuwa ko'ina. Aka ƙulla cinikin ana dab da rufe ƙofa da tsakar dare, ya buga wasa biyar a Satumba ya ci duka biyar, ya zama gwarzon zagayen da suka fitar da Yankees. Su kuma yara ukun da Detroit ta karɓa babu wanda ya zama tauraro.

Ba zan tsallake maganar maguɗi ba, don ita ma ta shiga lissafi. A Nuwamban 2019 Mike Fiers, shi dai wanda aka karɓo tare da Gómez, ya fallasa cewa a 2017 suna amfani da kyamara suna satar alamun da mai kama ƙwallo ke yi wa mai jifa, sai a buga kwandon shara a sanar da mai bugu irin ƙwallon da ke tafe. A Janairun 2020 lig ta dakatar da Luhnow da koci A.J. Hinch na shekara ɗaya, Crane ya kore su a ranar, aka ci kulob ɗin tarar dala miliyan 5, aka ƙwace musu zaɓen zagaye na ɗaya da na biyu na diraf ɗin 2020 da 2021. Ga mai nazari wannan ciwon kai ne babba, don duk alƙaluman masu bugunsu na wasannin gida a 2017 sun gurɓace, ba ka da hanyar tace nawa ne na iyawa nawa ne na kwandon shara. Ni dai ina ganin gwanintarsu ta auna 'yan wasa gaskiya ce, hujjata kuwa Mike Elias, mataimakin Luhnow, da Mejdal sun koma Baltimore a ƙarshen 2018 sun sake bin hanyar, kulob ɗin da ya sha kashi sau 115 a 2018 ya ci wasa 101 a 2023. Amma wanda ya ce kofin 2017 bai wanku ba, ba zan yi musu da shi ba.

Ita kanta hanyar yanzu an toshe rabinta. Daga yarjejeniyar 2022 tsakanin lig da ƙungiyar 'yan wasa, gurabe shida na farko a diraf da ƙuri'a ake fitar da su, kuma akwai iyakar sau nawa kulob zai shiga ƙuri'ar a jere. Chicago White Sox sun sha kashi sau 121 a 2024, ba a taɓa ganin irinsa ba a besbol na zamani, amma da aka zo diraf na 2025 su ne na goma a layi.